Aibin da Ya Ƙetaro Teku

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, na san an saba ganin wannan fili namu cike da waƙa da nazarin karin magana da gardamar nahawu, saboda haka wani zai yi mamaki in ya ga na zo da zancen gareji da baƙin mai. To, a yi mini haƙuri. Wata tambaya ce ta tsaya mini a rai tun hutun da ya wuce, na kuwa rasa inda zan kai ta in ba nan ba. Ga ta: mutumin da aka sayar wa abu mai ɓoyayyen aibi, shin ya halatta shi ma ya rufe aibin ya miƙa wa na gaba, don ya fid da kuɗinsa? Na san kowa zai yi wuf ya ce a'a. Ni ma haka nake cewa, kafin abin ya shigo gidanmu.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shekara 35 ya yi yana koyarwa a makarantun firamare na ƙauyukan da ke tsakanin Kiyawa da Jahun. Da ya ajiye alli aka biya shi kuɗin sallama, sai ya yi shawarar ya sayi mota ya ba wani yaro ya riƙa jigilar fasinja tsakanin Dutse da Kano, abin da aka samu a ci tuwo, a kuma biya kuɗin makarantar yara. Cikin yaran nan har da ni, gara in faɗa tun yanzu, domin mai karatu ya san ba ɗan kallo ba ne ke ba shi labari.

Tare muka je Kano. Ba zan ambaci sunan motar ba, ko wurin da muka saye ta, don ba tonon asirin kowa ya kawo ni ba. 'Yar Kwatano ce, fenti sai ƙyalli yake yi, da aka tayar da inji kuwa sai ka kasa kunne kafin ka ji motsinsa. Dillali ya ce wata tsohuwar Baturiya ce ke da ita, daga gida sai kasuwa. Daga baya na gane tsohuwar nan ta fi kowa yawan motoci a duniya, don babu dillalin da bai taɓa sayar da motarta ba. Aka taya, aka yi albarka, aka ƙara, aka sallama. Da za a ƙirga kuɗi sai ya ce, "Malam, kun gani kun yarda ko? In ta fita ƙofar nan, to, babu dawowa." Kawu ya ce, "Allah ya sa mu amfana."

Mako bakwai ta yi tana aiki. Tun a mako na uku direba ya fara ƙorafin tana shan baƙin mai kamar raƙumi ya samu rijiya. Ran nan, sun wuce Kwanar Huguma kaɗan, sai inji ya ɗauki ƙara kamar ana dukan ƙarfe da guduma, ya tsaya cik. Aka jawo ta da igiya zuwa wani gareji a Dutse. Da bakanike ya buɗe cikin inji sai ya kira Kawu ya nuna masa: ƙarafan da ke tallafe da karanshaf sun cinye, shi kansa karanshaf ɗin duk ya karce, ga kuma wani irin mai mai kauri kamar madi ya daskare a ƙasa. Ya ce, "Malam, wannan ciwo ba a hannunku ya fara ba. Wani ya san da shi, ya ɗura mata abin da zai sa ta yi shiru har a rabu da ita." Kuɗin wani injin kuwa ya kusa sulusin abin da aka sayi motar.

Ƙofa biyu muka ƙwanƙwasa. Dillali ya ce shi ma haka ya saya, kuma ai da bakinsa ya faɗa babu dawowa. Ni kuma, da ɗan bokona, na kwafi lambar nan mai harufa da alƙaluma 17 da ke jikin kowace mota, na rubuta wa kamfanin da ya ƙera ta. Suka amsa cikin ladabi. Suka ce motar an yi ta ne don kasuwar wata ƙasa, garantinta a can kaɗai yake aiki, wa'adinsa ma ya ƙare, kuma tun da kamfanin inshora ya taɓa rubuta ta cikin motocin da haɗari ya gama da su, babu sauran wani alkawari tsakaninsu da ita. Ashe tsohuwar Baturiya har karo ta yi.

Ƙofa ta uku ita ta buɗe kanta. Bakanike ya ja Kawu gefe ya ce, "Malam, ni dai shawara ce. A ɗan lallaɓa ta, a zuba mata mai kauri irin na da, za ta yi shiru wata guda ko biyu. Ku kai ta bakin titi ku sayar. Yadda aka yi muku, haka kowa ke yi."

Kafin in faɗi abin da Kawu ya yi, ya kamata mu dubi yadda muka iso nan, don ba kullum haka abin yake ba. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, kuma dattawanmu suna ba da labarin zamanin da ma'aikaci kan karɓi bashin mota ya sayi sabuwa fil, da takardar garanti a aljihun gaba, in wani abu ya tashi ya san ƙofar da zai je. Daga 1986, da aka shigo da tsarin nan na tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta yi ta zubewa, sabuwar mota ta gagari malamin makaranta, muka koma ga tokumbo. Ta tashar Kwatano aka fi shigo da su, har Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017. Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuwa Afirka suka nufo. Watau mota takan yi ƙuruciyarta a inda ake da doka da lauya da garanti, sa'an nan ta zo ta tsufa a inda babu ko ɗaya da zai bi ta.

Bari in kawo misali guda wanda duniya ta sani, ko da yake motar Kawu ba ta wannan kamfani ba ce. A watan Satumba na 2015 kamfanin Hyundai ya yi kiran a mayar da motoci samfurin Sonata kimanin 470,000, na shekarun 2011 da 2012, a Amurka. Dalili shi ne a masana'antarsu ta Alabama an bar ɓurɓushin ƙarfe cikin hanyoyin da mai ke bi a karanshaf na injin da suke kira Theta II. Ɓurɓushin ya hana mai isa inda ya kamata, ƙarfe ya ci ƙarfe, inji ya buga, wani lokaci har da gobara. Wani injiniyan kamfanin mai suna Kim Gwang-ho, wanda ya shekara 26 yana musu aiki a Koriya ta Kudu, ya ga cewa motocin da abin ya shafa sun fi haka nesa ba kusa ba. A 2016 ya hau jirgi ya tafi Washington ya kai wa hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka bayani, abin da ya jawo masa kora daga aiki. A 2017 aka sake kiran motocin Hyundai da Kia sama da miliyan guda. A Nuwamban 2020 kamfanonin biyu suka amince da hukuncin da ya kai dala miliyan 210 saboda jan ƙafa wajen kiran motocin, shekara guda bayan haka kuma hukumar ta ba Kim ladar sama da dala miliyan 24.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne rigimar garanti da ta biyo baya. A Amurka garantin inji na Hyundai shekara 10 ne ko mil 100,000, amma ga wanda ya fara saye kaɗai. Na biyu shekara 5 ko mil 60,000 yake samu. Masu motoci suka haɗa kai suka yi ƙara, aka yi sulhu, aka tsawaita garantin irin wannan inji har iyakar ran motar. Duk da haka gardama ba ta ƙare ba, domin an sa sharuɗɗa: a kai mota a sa mata wata manhaja mai sauraren ƙarar inji, kuma kamfani na iya ƙin gyara in ya ga an yi mummunan sakaci da sauya mai. Motar da inshora ta riga ta yanke wa hukuncin ta mutu kuwa ba ta cikin lissafi. To, mai karatu ya tambayi kansa: wace irin mota ce ke fita daga filin gwanjo a hau da ita jirgin ruwa zuwa Afirka ta Yamma? Da yawa irin wannan ta ƙarshe ce.

A nan dole in yi wa kamfani adalci, ko da yake zuciyata ba ta so. Garanti alkawari ne, mai alkawari kuwa yana da ikon ya faɗi iyakarsa tun farko. Babu mai ƙera abu da zai lamunce shi har abada. Mu ma da namu laifin. Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Shuwarin ran kasuwa ya san yadda ake cusa mutum goma a motar mutum bakwai, a ɗora buhuna a baya har salansa na jan ƙasa. Ga ƙurar hunturu, ga jabun baƙin mai da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, ga direban da ba ya tuna sabis sai ya ga jar fitila. In inji ya mutu a haka, rashin kunya ne a ce wani a wata ƙasa ya biya.

Amma fa aibi iri biyu ne, a nan ne kuma hujjar kamfani take gurguncewa. Akwai aibin tsufa, akwai na haihuwa. Na tsufa rabon wanda abu ya tsufa a hannunsa ne. Na haihuwa kuwa tun daga masana'anta aka fito da shi, ba ruwansa da wanda ke riƙe da sitiyari. Ɓurɓushin ƙarfen nan bai san kan iyaka ba, bai san kwastan ba. Yadda zai ci inji a Alabama haka zai ci shi a hanyar Birnin Kudu. Takarda ce ta tsaya a bakin teku, cutar kuwa ta ƙetaro. A ganina nauyi biyu ne a kan wanda ya ƙera: nauyin gyara, da nauyin faɗa. Na farko yana iya ƙarewa da ƙarewar wa'adi, ban ƙi ba. Na biyu ba shi da wa'adi, muddin abin na yawo da rayukan mutane a cikinsa. Za a ce ai sun faɗa, duk mai lambar mota yana iya shiga intanet ya duba kyauta. Gaskiya ne. Sai dai sanarwar da aka yi cikin Turanci, a wurin da direban Jahun bai san da shi ba, ta yi kama da mai shela da ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa sa'an nan ya buga gangarsa.

Da na kai wannan magana gaban wani malamin zaure a unguwarmu sai ya yi dariya, ya ce mu 'yan boko muna tsammanin da mota aka fara ciniki. Ya tuna mini abin da muka karanta a babin ciniki na Risala muna yara, ba mu san amfaninsa ba: haramun ne mai sayarwa ya ɓoye abin da in mai saye ya sani zai ƙi, kuma wanda ya tarar da tsohon aibi yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar. Ya kawo mas'alar dabbar da ake ƙin tatsa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika, a kai ta kasuwa a ce mai nono ce. Hukuncin da ya zo a hadisi shi ne mai saye, bayan ya tatsa ya gane, yana iya mayar da ita tare da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya sha. Ina jin haka sai na tuna man nan mai kauri. Ashe dabarar bakanikenmu ta girme shi da shekara fiye da 1,400, kayan aikin ne kawai suka sauya.

Na ce to, Malam, ina batun "babu dawowa"? Sai ya ba ni labarin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. A zamanin da ake cinikin bayi, Abdullahi ɗan Umar ya sayar da wani bawa dirhami 800 bisa sharaɗin ba ruwansa da duk aibin da ya bayyana. Mai saye ya tarar da cuta, ya kai ƙara gaban Sayyidina Usman. Halifa bai tsaya ga sharaɗin ba, sai ya nemi Ɗan Umar ya rantse cewa bai san da cutar ba lokacin da ya sayar. Ɗan Umar ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawan ya mayar da kuɗi. A lura da inda hukuncin ya sa yatsa: abin da aka tambaya shi ne me ka sani. Sharaɗin kuɓuta yana iya kare mutum daga abin da ya jahilta, ba ya wanke shi daga abin da ya sani ya yi shiru. In muka ɗauki wannan ma'auni muka bi jerin hannuwan da motar Kawu ta ratsa, daga masana'anta zuwa filin gwanjo, zuwa Kwatano, zuwa Kano, kowa sai ya amsa tambaya guda, kuma faɗin "ni ma haka na saya" ba ya cikin amsoshin da ake karɓa.

Masana tattalin arziki ma sun iso wurin ta wata hanya. A 1970 George Akerlof, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2001, ya yi rubutu a kan kasuwar tsofaffin motoci. Ya nuna cewa in mai saye ba ya iya bambance mai kyau da ruɓaɓɓiya, to ba zai taya kowace ba sai da farashin shakka. Mai mota ta ƙwarai ya ga ba a biya shi daidai, ya janye tasa, kasuwa ta rage sai tarkace. Wanda ya taɓa zuwa kara ya san haka ba tare da karatu ba, shi ya sa a Maigatari mutum kan nemi dillalin da ya sani, wanda in saniya ta fito da ciwo zai same shi ran Alhamis mai zuwa a inda ya bar shi. Cinikin mota ya rasa wannan, domin mai ita na asali yana bayan teku. Akwai dai doka. A farkon 2019 aka sa hannu kan dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye, da hukumarta. Amma tsohon malamin firamare da ba a ba shi ko rasit mai bayani ba, da me zai je gabanta?

Yanzu in dawo ga tambayata, in kuma faɗi gaskiya ko da za ta ba ni kunya. Daren da bakanike ya kawo shawararsa ni ne na goyi bayansa. Na ce, "Kawu, ku duba fa. Ba ku kuka ƙera aibin nan ba, ba ku kuka fara ɓoye shi ba. Kamfani mai biliyoyi ya zame, ɗan gwanjo ya zame, dillali ya zame. Don me asarar duka za ta tsaya a kan wanda ya fi kowa talauci a cikin jerin?" Har yanzu ina ganin hujjar nan tana da nauyi. Babu adalci a ce mai gaskiya shi kaɗai ke biyan bashin maƙaryata biyar. Abin da ban faɗa masa ba shi ne ina lissafin kuɗin rajistar zango mai zuwa.

Kawu ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya ce, "Ɗan nan, ka ce ni ne na fi kowa talauci a jerin. Wa kake tsammani zai saya a hannuna?"

Ban samu amsa ba, domin na san ta. Aibi irin wannan gangara yake bi kamar ruwa. Ba Alhaji mai motoci goma zai saya ba, shi yana da bakaniken da zai gano. Wanda zai saya shi ne wanda ya fi Kawu rashin sani da rashin gata. Hujjata ta tsaya ne a kan cewa an zalunce mu, alhali kuwa wanda nake shirin karɓar diyya a hannunsa bai yi mana komai ba. Kashegari kuwa sai ga shi ya zo da ƙafarsa: wani saurayi daga wajen Birnin Kudu, ya sayar da babur ɗinsa na acaɓa da bijimin gidansu yana so ya koma tuƙin mota. Kawu ya sa aka buɗe masa gaban motar, ya sa bakanike ya nuna masa karanshaf ɗin, ya gaya masa kuɗin wani inji. Yaron ya yi godiya har da durƙusawa, ya tafi da kuɗinsa. Ni kuwa na bi bayansa da kallo kamar wanda ya ga rajistarsa na tafiya.

Wata biyu motar na ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, kaji na kwana a ƙasanta. Daga ƙarshe wani mutum ya zo, ya ce shi mai sayen matattun motoci ne, yana kwance su ya kai kayan Kofar Ruwa. Aka gaya masa kome da kome, ya ce ai ya sani, sana'arsa ke nan. Ya biya abin da bai kai rabin kuɗin Kawu ba. Rajistata kuwa sai da mahaifiyata ta sayar da tumakinta biyu.

Kwana goma sha biyu bayan haka, ina kan babur zan je tasha, sai na hango ta a bakin titi. Na gane ta da wani ɗan tabo a ƙofar baya. An wanke ta tas, an ɗora mata jarka a bisa rufi, alamar ta sayarwa ce. An bar inji a kunne, ba ka jin kome sai ɗan huci. Mutum biyu na zagaya ta, ɗaya yana ƙwanƙwasa taya da ƙafa.

Na fasa tafiyar, na koma gida na tarar da Kawu a zaure yana jan carbi, na gaya masa. Ya ajiye carbin a kan buzu, ya jawo takalmansa, ya ce, "A daidai ina ka ce ka gan ta?"